Babi na Bakwai: Wasannin Mutanen Gona da Ruwa a Kudancin Kano

Direban da ya taso daga Kano ya nufi Zariya, idan ya iso Kwanar Dangora hanya takan rabu masa uku. In ya miƙe, ya faɗa ƙasar Zazzau. In ya karya dama, ya bi ta Ƙiru zuwa Ƙaraye da Gwarzo. In kuwa hagu ya yi, to ya kama hanyar Tudun Wadar Ɗankadai, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce ƙasar Doguwa har Saminaka da Jos. Ƙananan hukumomi huɗu da ke kewaye da wannan mararraba, wato Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, ƙasar noma ce ta gasken gaske. Ruwan sama yana sauka a nan fiye da birni da arewacin jihar, musamman wajen duwatsun Riruwai inda yakan haura milimita 1,000 a shekara. Masara da dawa da shinkafa da rake da dankali duk suna yi, kuma kowane amfani da lokacin da yake cin ƙarfin mai shi.

Wanda yake son ya fahimci wasannin mutanen wannan yanki sai ya fara da gona. Manomi ba ya wasa da damina. Daga saukar ruwan shuka zuwa noman firi da maimai, saurayin da ya wuni a duƙe ba shi da sauran ƙashin da zai kai dandali. Sai an yanke dawa, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika, sanyin hunturu ya fara kaɗawa, sannan makaɗi yake ɗauko gangarsa. Abu biyu wasa yake nema a ko'ina, lokaci da fili, kuma a da kaka ce take ba da su duka a tare: aiki ya ƙare, gonakin bayan gari sun zama fetal. Tarihin wasanni a ƙasar Dangora cikin shekara hamsin da suka wuce tarihin waɗannan abubuwa biyu ne, da yadda suka sauya hannu.

Idan kaka ta yi

Dambe wasan mahauta ne tun asali. Bayan girbi, lokacin da ƙauyuka ke bukukuwan aure da kalankuwa, rundawa sukan bi gari gari suna yanka suna sayar da nama, da yamma kuma samarinsu su kara da na garin da suka sauka. Har gobe kalangu, kiɗan mahauta, shi ne kiɗan dambe.

Ɗan dambe yakan fara shiri tun kafin a buɗe fili. Ya zauna a gefe, yaronsa ya naɗe masa hannun da yake bugu da shi da ƙyalle, sannan ya bi da zare yana zagayawa yana tamkewa har dunƙulen ya yi tauri. Ɗaya hannun a buɗe yake, da shi ake kare fuska, da shi ake auna tazarar abokin karawa. Makaɗi ya saki takensa, shi kuma ya miƙe yana tsuma, ya zagaya fili yana kirari, layu na reto a damtse. Turmi uku ake yi. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, kuma kafin ya tashi magoya bayan wanda ya yi kisa sun riga sun cika fili suna liƙa masa kuɗi a goshi. In turmi uku suka ƙare babu kisa, alƙali ya raba su, kowa ya koma ɓangarensa. Samarin kudancin Kano da suka ji ƙarfi sukan tafi gidajen dambe na birni, irin na dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari, inda 'yan wasa suka kasu ɓangare ɓangare, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, kuma inda sunan shahararren ɗan dambe Shago bai gushe ba a bakin masu kallo.

Kokawa ita ce ta manoma. Ba ta bukatar zare, ba ta bukatar komai sai rairayi da ƙarfin ƙugu. Unguwa takan gayyaci unguwa, ƙauye ya gayyaci ƙauye, a fara da yara ƙanana, a hau zuwa matasa, manya su rufe fili. Kaye ɗaya ya isa ya sa a yi shekara ana yi wa gari gori a kasuwa. Fulanin da ke zaune a rugagen Ƙiru da gefen Falgore kuwa nasu shaɗi ne, wanda wasu ke kira sharo: saurayi ya tsaya ƙirji a buɗe, ya ɗaga hannu, sa'ansa ya tsula masa tsumagiya, shi kuma ya nuna ko a jikinsa, don 'yan mata na kallo kuma ranar ramuwa na nan tafe.

Yara maza suna da langa. Kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya da hannu, ya yi ta tsalle da ɗayar, ana ture juna da kafaɗa. Ƙungiya takan ware mutum ɗaya a matsayin ruwa, sauran su kare shi har ya kai gida, abokan hamayya kuma su yi ta neman kayar da shi. Wasan da aka raina a matsayin na yaran ƙauye yau yana cikin gasar wasanni ta ƙasa tare da dambe da kokawa, ana ba da lambar zinare a kansa. 'Yan mata kuma dandali ne nasu a daren farin wata, da gaɗa da tafi da carafke, manyan mata na leƙe daga zaure. Idan azumi ya kai kwana goma, tashe ya karɓi dare.

Dattawa ba su bar wa yara komai da komai ba. A gindin mangwaro ko darbejiya, kusa da tasha ko bakin kasuwa, za ka tarar an haƙa gurabe talatin a ƙasa, layi biyar gida shida shida. Wannan yana da tsakuwa goma sha biyu, wancan yana da guntayen kara goma sha biyu. Da farko a zuba su ɗaya bayan ɗaya, sannan a fara tafiya gida ɗaya ɗaya, kuma duk wanda ya jera uku a layi ya ɗauke ɗan abokin wasansa guda. 'Yan kallo sun fi 'yan wasa zafi. Wani ya ce, “Malam, ka taɓa fa, sai ka tafi da shi.” Mai wasa ya ɗago kai ya ce, “Haba Alhaji, a bar ni in yi lissafi mana.” Ana cikin haka ladan ya kira la'asar, a bar dara yadda take, kowa ya san inda 'ya'yansa suke, kuma kaiton yaron da ya bi ta kai da gudu.

Duk waɗannan wasanni ba wanda ya taɓa ware musu kasafin kuɗi. Sarkin samari da sarkin dambe da makaɗa da mai unguwa su ne hukumarsu, ladansu kuma goro ne da dami da suna.

Ruwa ya zo ƙasar tudu

A 1971 gwamnatin Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta fara datse kogin Kano a Tiga, cikin ƙasar Bebeji. Aka kammala aikin a 1974. Bangon madatsar ya kai tsawon kilomita 6, tsayinsa mita 48, tafkin da ya taru a bayansa kuma ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 178, yana riƙe ruwan da ya doshi kubik mita biliyan 2. Ƙauyuka da gonaki suka nutse, aka tashi mutanensu zuwa sababbin matsugunai. Tuddai da duwatsun da ruwa bai iya haɗiyewa ba suka tsaya a tsakiya, suka zama 'yan tsibirai. Mutanen da iyakar ruwan da suka sani shi ne kogin da ke cika da damina ya janye da rani, sai ga su a bakin ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa.

Manufar farko noman rani ce. Ruwan Tiga ne ke bin manyan magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda ake noman shinkafa da alkama da tumatir. Amma Audu Bako mutum ne mai son wuraren shaƙatawa, shi ne ya gina gidan namun daji na Kano wanda yau ke ɗauke da sunansa. A bakin ƙaramin tafkin Bagauda, shi ma a ƙasar Bebeji, aka gina otal mai ɗakuna zagayayyu irin na gargajiya. A Tiga aka ɗora otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwa. Can kudu kuma ga dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin En'e a ƙarshen shekarun 1940 da sunan dajin Kogin Kano, aka mai da shi gandun namun daji a shekarun 1960, mai faɗin hekta kusan 92,000. Tsarin a bayyane yake: baƙo ya sauka a Kano, ya kwana a Bagauda, ya shiga jirgin ruwa a Tiga, ya je Falgore ya ga ɓauna da gwanki, in yana da ƙarfin ƙafa ya ƙarasa Riruwai ya ga tsofaffin ramukan kuza da magangarar ruwa ta Zainabi.

An yi shekaru abin yana tafiya. Manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da Turawan kamfanoni sukan zo hutun ƙarshen mako, ana taruka, ana kaɗe-kaɗe. Ɗan ƙauyen da ke makwabtaka kuwa, in ya shiga, to aiki ya kai shi, ko ya kawo kifi da kaji na sayarwa. Shi ya sa da ƙafar baƙi ta ɗauke, ba a sami na gida da zai riƙe wuraren ba. Otal ɗin Bagauda yau reshen Kano ne na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Rock Castle ya daɗe da rasa armashin da aka san shi da shi. Falgore kuma ta sha fama da masu sare itace da masu farautar sata, daga baya ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane suka mai da ita maɓoya, har rundunar soja ta kafa filin horo a cikinta.

Keɓe dajin ya taɓa wani tsohon nishaɗi na maza, wato farautar rani. A da, idan ciyawa ta bushe, sarkin baka yakan sa rana, a busa ƙaho, mafarauta da 'yan tauri su fito da karnuka da gora da adda, a yi kwanaki a dawa. Nama dalili ne kawai, abin da ake nema shi ne a ga wa zai riga wa, wa kuma zai iya riƙe abin da ya kama idan gardama ta tashi. Doka ta hana wannan a cikin gandu, namun ma sun ja baya, rigingimun da farautar gayya ke haifarwa kuma sun sa hukuma na sa mata ido. Da yawa daga mafarautan yau sun koma aikin sintiri, suna taimaka wa jami'an tsaro da sanin dajin da suka gada.

Iya ruwa fidda kai

Abin da tafkin ya ba mutanen gari da kansu, ba tare da kowa ya tsara ba, shi ne iyo da su. Masunta suka kafa sansani a gaɓa, wasu 'yan ƙasa, wasu baƙi daga wuraren da su ya zama gado. Da asuba su tura kwalekwale, su ɗaga kalli da mali, su dawo da karfasa da tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu, mata na jira da kwanuka da tukwanen suya. 'Ya'yansu tun suna ƙanana suke riƙe filafili.

Yaron manomi kuwa a wajen sa'anninsa yake koyon ruwa. Da zafin bazara, idan an kai shanu shan ruwa ko an je wanki, sai a tuɓe a faɗa. Mai koyo ya rungumi jarkar da aka toshe bakinta, ya yi ta bugun ruwa da ƙafa a inda bai wuce ƙirji ba, manya na yi masa dariya. Ran da ya saki jarka ya kai wani dutse ya dawo, ya shiga sahu. Daga nan sai gasar nutso, a ga wa zai fi daɗewa a ƙasa, sai tsere zuwa kwalekwalen da aka ɗaure nesa da gaɓa. Da bikin salla kuma samari da 'yan mata sukan cika motoci da babura daga garuruwan kewaye har da birni, a zo Tiga yawon salla, a ɗauki hoto, a ci soyayyen kifi, a biya masunta su zagaya da mutum cikin jirgi.

A nan haɗarin yake. Ruwan dam ba kogi ba ne da aka san mashigarsa. Ƙarƙashinsa akwai tsofaffin kwaruruka da rijiyoyi da kututturan itatuwan da suka nutse, kuma gaɓar tana matsawa gaba da baya gwargwadon cikar tafkin da sakin ruwa. Inda yaro ya tsaya bara ruwa iya gwiwa, bana yana iya shanye kansa. Baƙon da ya zo yawon salla bai san wannan ba, rigar ruwa kuma ba kowane jirgi ke da ita ba. Jihar Kano ta ga iyakar abin a ranar 30 ga Nuwamba 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai da fasinjojin da suka fi ƙarfinsa, mutane da dama suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi.

Akwai kuma haɗarin da ba ya kisa nan take. Tsargiya tana son ruwan da ke kwance. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi, su girma a ciki, su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka ko wanki. Bayan makonni yaro ya fara fitsarin jini. A ƙauyuka da yawa an daɗe ana ɗaukar wannan a matsayin alamar balagar ɗa namiji, alhali cuta ce mai rage jini, mai dakushe karatu, mai lalata mafitsara in ta daɗe. Maganinta, praziquantel, ana raba shi kyauta a makarantu lokaci lokaci, amma yaron da ya sha yau ya koma ruwa gobe zai sake ɗauka. Hana yaro shiga ruwa a watan Afrilu kuwa magana ce kawai. Abin da zai yi aiki shi ne maimaita rabon maganin, da ban-ɗakuna a gaɓa, da ware wuraren wanka da aka share ciyawar da dodon koɗin ke maƙalewa.

Idan aka dubi Yawuri a jihar Kebbi za a ga bambancin tsohon ruwa da sabo. Gungawa sun yi ɗaruruwan shekaru a tsibiran kogin Kwara kafin madatsar Kainji, wadda aka gama a 1968, ta tashi da yawansu zuwa gaɓa. Ruwa ya shiga al'adarsu har ya haifi bikin Rigata, inda ake tseren jirage da ninƙaya a gaban sarki. A Argungu ma, bikin kamun kifin da aka faro a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tafe da wasannin kabanci: tseren kwalekwale, nutso, kamun agwagwa da hannu. A can akwai sarkin ruwa da dokokinsa, akwai wanda ke cewa yau a shiga, gobe kada a shiga. Tiga shekararta hamsin da 'yan kai. Mutanenta sun iya ruwa, amma har yanzu iyawar ba ta zama gasa mai rana da alƙali da kyauta ba.

Ƙwallo ta ci gari

Wasan da ya mamaye ko'ina yau, daga Kofa da Rahama zuwa Yako, daga Yaryasa da Burum-Burum zuwa Daɗin Kowa, ƙwallon ƙafa ne. Ta shigo ta makarantun firamare, rediyo ya raine ta, nasarar Najeriya a gasar 'yan ƙasa da shekara 16 ta duniya a Sin a 1985 da zinaren Atlanta a 1996 suka ƙara mata farin jini. Kano Pillars, wadda aka kafa a 1990, ta ɗauki kofin gasar Najeriya a 2008, sannan sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, kuma yaron ƙauye ya ga Ahmed Musa ya tashi daga Pillars ya je Turai ya zama kyaftin ɗin Super Eagles. Daga nan ba wanda zai iya gaya masa cewa ƙwallo ba sana'a ba ce.

Ƙwallo ta yi nasara ne saboda ta karya dokar kaka. Ba ta jiran girbi. Awa ɗaya tsakanin la'asar da magariba ta ishe ta, ko da damina ne. Je ka filin firamare na kowane gari da yamma. Turakun raga na itacen turare ne, an ɗaura igiya a sama. Rabin 'yan wasa da takalmi, rabi da silifas ɗin roba, wani ma ƙafa a ƙasa. Ƙungiya ɗaya ta sa riga, ɗayar ta tuɓe. Koci, wanda galibi malamin makaranta ne ko tela ko mai gyaran babur, yana bakin layi yana ihu, “Kai yaro, saki ƙwallo!” Akuya ta ratsa fili, a dakata ta wuce. Kuɗin jesi da na motar zuwa wasan waje karo-karo ne, kowa ya kawo abin da ya samu daga ƙwadago ko acaɓa. Idan an shirya gasa tsakanin unguwanni, kofin na iya zama rago ko buhun shinkafa, kuma ranar wasan ƙarshe har hakimi ko dagaci yakan zo.

Da dare kuma gidan kallo ne. Rumfar kwano, bencina, talabijin biyu ko uku, janareta na ruri a waje ko batirin sola. A nan manomin rake yake zama ɗan Arsenal, mai sayar da taki ya zama ɗan Madrid, a yi ta musu har a rufe. Gidan kallo ya ɗauke samarin da a da suke cika dandali, kamar yadda finafinan Hausa a waya da karatun Islamiyya na dare suka ɗauke 'yan matan gaɗa. Ya kuma zo da baƙon da ba a gayyata ba, cacar ƙwallo. Hukumar Hisba ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, amma cacar da ke cikin waya ba ta da ƙofar da za a sa wa kwaɗo.

'Yan siyasa sun gane inda matasa suke. Da zaɓe ya ƙarato sai gasar cin kofin wane da wane su yi yawa, a raba jesi mai hoton ɗan takara. Ba laifi ba ne, yara na amfana. Illar ita ce gasar takan mutu ran da aka rantsar da mai ita ko ran da ya faɗi, sai a jira shekara huɗu.

Lokaci da fili

Komawa ga abubuwa biyun da wasa ke nema, duka sun ƙuntata. Rani ya daina zama hutu. Mai gona a bakin tafki ko fadama yana bin ruwa da injin ban-ruwa yana dasa tumatir da albasa da masara. Wanda ba shi da ita ya tafi ƙwadago Kadawa da Kura, ko saran rake da lodinsa, ko ya tafi birni da Abuja da Legas ci-rani. Wannan alheri ne ga aljihu, ba mai son a koma zaman kashe wando. Sai dai kokawa da dambe da kalankuwa, waɗanda ke bukatar gari ya taru a huce na kwanaki, sun rasa watanninsu. Fili ma haka. Gonar bayan gari da a da ake kokawa a cikinta bayan girbi yanzu ko tana shuke da rani ko an yanka ta fulotai. Filin makaranta kuma kullum ana gutsurarsa, yau a ƙara aji, gobe a kafa shaguna a jikin katanga.

Ƙasashen da suka yi fice a wasa ba da manyan gine-gine suka fara ba. Jamaika tsibiri ce da mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Gasar guje-guje ta makarantun sakandarenta ana yin ta tun 1910, kusan kowace shekara, kuma ta cikinta Usain Bolt, ɗan ƙauye daga gundumar Trelawny, ya bi kafin ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009. Kusa da mu, Nijar ta ɗauki kokawar manoma ta mai da ita gasar Takobi tun 1975, lokacin da Kantu na Maraɗi ya lashe ta farko a Tawa. Jihohin ƙasar na karɓar baƙuncinta bi da bi, ana zaɓo 'yan kokawa tun daga ƙauye, kuma sunan Issaka Issaka na Dosso ya tsallako iyaka har cikin gidajenmu. A Kano ma akwai misali, gasar Ramat ta matasa da ake yi don tunawa da Janar Murtala Muhammad. Sirrin duka ukun ɗaya ne, an san ranar, kuma ranar ba ta tashi.

Ƙasar Dangora tana da kayan aikin. Akwai makarantun firamare da sakandare a kowace mazaɓa, akwai masarautun gargajiya da har yanzu ake jin maganarsu, akwai cibiyar koyar da wasanni da gwamnatin jiha ta kafa a Karfi cikin ƙaramar hukumar Kura, ba nisa. Ƙananan hukumomin huɗu za su iya haɗuwa su tsai da mako ɗaya tsakanin ƙarshen girbi da kankamar aikin rani, a yi kokawa da dambe da langa da ƙwallo, ana zagayawa daga Bebeji zuwa Ƙiru zuwa Tudun Wada zuwa Riruwai, da sunan yankin ba da sunan wani ɗan takara ba. A bar wa 'yan mata nasu rukunin, da guje-guje da ƙwallon hannu a cikin makarantunsu, ƙarƙashin malamansu mata, yadda iyaye za su yarda. A Tiga a ware rana ta tseren kwalekwale da ninƙaya, masunta su zama alƙalai da masu ceto, su kuma riƙa koyar da 'yan firamaren gaɓa iyo a wurin da aka auna zurfinsa aka kafa alama. Kowane filin makaranta da na unguwa a auna shi, a yi masa takarda, a dasa itatuwa a iyakarsa kafin dillalan fili su riga kowa.

Kuɗin wannan duka bai kai na gyaran ɓangare ɗaya na otal ba. Kuma idan gasar ta kafu ta yi shekara goma ba fashi, baƙin da aka gina wa Bagauda da Rock Castle za su zo da ƙafarsu, domin mutane sun fi tafiya kallon abin da masu gari ke yi don kansu. Argungu ba ta fara da masauki ba, da kifi da masunta ta fara, masaukin ya biyo baya.